Zauren Intanet: Tarihin Shafin da ke Tare Baƙo a Bakin Wi-Fi



Duk wanda ya taɓa kama Wi-Fi a otal, ko filin jirgin sama, ko ɗakin karatu, ya san shafin nan da ke tare mutum kafin a bar shi ya shiga intanet. Wani wurin lambar ɗaki ake tambaya, wani wurin lambar waya, wani wurin kuma a ce kawai ka danna ka amince da sharuɗɗa. Mu a nan za mu kira shi zauren intanet, domin aikinsa ɗaya da zauren gidan Bahaushe: nan baƙo yake sallama, nan ake sanin ko shi wane ne kafin a ce masa bismilla.

Labarin ya faro ne a 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe wasu zangunan rediyo don kowa ya yi amfani da su ba sai da lasisi ba. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11, wadda ta ba kwamfutoci damar magana da juna ba tare da igiya ba. A 1999 aka raɗa wa abin suna Wi-Fi, a shekarar ce kuma kamfanin Apple ya fito da kwamfutar iBook mai iya kama shi.

Nan take wata matsala ta taso. Igiya tana da iyaka, wanda bai jona ba bai shiga ba. Iska kuwa ba ta san katanga ba. Mai otal da ya kashe kuɗi ya jawo intanet, ta yaya zai bambance wanda ya kama ɗaki da wanda ya raɓe a bayan gini? Kamfanoni irin su Wayport da Nomadix a Amurka suna cikin waɗanda suka yaɗa dabarar tun ƙarshen shekarun 1990. Ana barin na'urar baƙo ta kama Wi-Fi, amma duk shafin da ya nema sai a karkata shi zuwa shafin mai gida. In ya biya, ko ya sa kalmar sirri, sai a rubuta lambar shaidar na'urarsa cikin waɗanda aka yarje wa wucewa. A 2001 kamfanin MobileStar ya kai wannan tsari shagunan kofi na Starbucks, amma kafin shekarar ta ƙare ya karye, daga baya harkar ta koma hannun T-Mobile. Ke nan zauren farko wurin karɓar kuɗin ƙofa ne.

Daga nan sai hukuma ta shigo. Bayan hare-haren Landan na Yulin 2005, Italiya ta kafa dokar da aka fi sani da sunan ministan cikin gida Pisanu, wadda ta wajabta wa mai ba da intanet ga jama'a ya tantance baƙo da takardar shaida. Sai a ƙarshen 2010 aka janye wannan sharaɗi. A Indiya, bayan hare-haren 2008 da aka aika saƙonnin ɗaukar alhaki ta Wi-Fi ɗin mutane da ba a kulle ba, gwamnati ta tsaurara, tura lambar sirri ta tes ya zama ruwan dare. A Jamus kuwa tsoron kotu ne: in baƙo ya sauke waƙa ko fim ta haramtacciyar hanya, ana iya tuhumar mai gida. Wannan ya sa masu shaguna da yawa suka ƙi buɗe nasu, har aka sassauta dokar a 2017.

Mataki na uku shi ne ya fi shafarmu. A 2010 McDonald's da Starbucks suka mayar da Wi-Fi ɗinsu kyauta a Amurka, wasu suka bi sahu. Amma zaure bai rushe ba, abin da ake karɓa ne ya sauya. Wurare da dama suka koma tambayar suna, imel da lambar waya, don talla. Sharuɗɗan kuma suka yi tsawon da babu mai karantawa. A 2014 kamfanin tsaro na F-Secure ya yi gwaji a Landan, ya sa sharaɗin cewa mai shiga ya sallama ɗansa na fari. Mutum shida suka amince. A 2017 kamfanin Purple na Ingila ya cusa sharaɗin aikin gayya na awa 1,000, har da wanke banɗaki. Sama da mutum 22,000 suka danna, mutum ɗaya tak ya lura. Ba a tilasta wa kowa ba, amma darasin ya fito fili.

Abin ya iso gida. A Yulin 2018 Google ya buɗe shirinsa na Wi-Fi kyauta, Google Station, a Legas, bayan ya fara shi a tashoshin jirgin ƙasa na Indiya a 2016. A 2020 ya sanar da rufe shirin. Otal-otal da makarantunmu kuwa suna nan da nasu zaurukan. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai karɓar bayanin mutum nauyin faɗa masa abin da za a yi da shi.

To ina ruwan marubuci? Zauren nan rubutu ne, wani ne ya zauna ya tsara shi. Mafi yawan waɗanda muke gani da Turancin lauyoyi aka yi su, alhali mai dannawa wataƙila ɗan kasuwa ne daga Dawanau, ko hajiya mai jiran jirgi. Amincewar wanda bai fahimci abin da aka ce masa ba, amincewa ce? Idan aka ba ɗayanmu aikin rubuta irin wannan shafi, abu huɗu ya kamata baƙo ya gani cikin layuka kaɗan: wane ne mai gidan, me ake nema a wurinsa, me za a yi da shi, kuma har yaushe za a ajiye shi. In mai gida ba ya buƙatar lambar waya, mu ba shi shawara kada ya tambaya.

Hausawa suka ce baƙonka annabinka. Wanda ya girmama baƙo ba zai sa shi dangwala hannu a takardar da bai gane ba. Mu ma in mun je zauren wasu, mu daure mu karanta kafin mu danna.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.