Mata a Majalisar Ƙasa ta Sudan

Majalisar Ƙasa ta Sudan, wadda zaurenta ke Omdurman kafin a rusa ta, ta samu 'yar majalisa mace ta farko a 1965, wato Fatima Ahmed Ibrahim ta Ƙungiyar Matan Sudan. Juyin juya halin Oktoba na 1964 ne ya ba dukkan mata 'yancin jefa ƙuri'a da tsayawa takara.

Dokar zaɓe ta 2008 ta keɓe wa mata kashi 25 cikin ɗari na kujeru. A zaɓen 2010 an ware musu kujeru 112 cikin 450, kuma jiha-jiha aka zaɓe su. Ke nan matar da ke Mai Wurno a jihar Sennar, ko a ƙauyukan Hausawa na Gezira da Blue Nile, takarda ta musamman aka miƙa mata kamar kowane mai zaɓe, ta zaɓi jerin matan jam'iyyar da take so. Sai dai shugabannin jam'iyya ne suka tsara sunayen, matan karkara kuwa ba safai aka tuna da su ba. Kason ya ƙaru zuwa kashi 30 a zaɓen 2015.

An rusa majalisar a Afrilun 2019 da faɗuwar Shugaba Umar al-Bashir. Kundin riƙon ƙwarya na shekarar ya yi wa mata alkawarin kashi 40, amma ba a kafa sabuwar majalisar ba har yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.