Harobanda: Gaɓar da Ta Bi Gwandu Kafin Ta Bi Yamai

Harobanda, wadda sunanta da Zabarmanci ke nufin bayan ruwa, ita ce gunduma ta biyar a birnin Yamai, kuma ita kaɗai ce ke gaɓar dama ta kogin Kwara, wanda mutanen Nijar suka fi sani da Isa. Mazauna bakin wannan kogi sun daɗe suna kiran gaɓar hagu Hausa, ta dama kuma Gurma, kuma rabuwar ba ta tsaya ga suna ba, domin har shekarun farko na mulkin Faransa gaɓoɓin biyu ba alƙibla ɗaya suke fuskanta ba.

Tarihin siyasar wannan gaɓa yana da jijiya a ƙasar Boɗinga. A Sifawa, a shekarar 1812, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba kula da daula gida biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba ƙanensa Abdullahi yamma, wanda ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Ƙasashen Fulanin Gurma, irin su Torodi da Bitinkoji da Liptako, sun shiga rabon yamma, haka ma garin Sayi, wanda malamin nan Alfa Muhammadu Jobbo ya mayar cibiyar ilimi da mashigar fatake. Ƙauyen Lamorde, wanda yau unguwa ce a Harobanda, yana cikin wannan duniya ta makiyaya da malamai masu kallon Sayi da Gwandu, a lokacin da Yamai ba ta wuce 'yan ƙauyukan manoma da masunta a tsallake ba. Ikon Gwandu a nan bai taɓa yin kauri ba, ya kuma ƙara raguwa tun daga 1849, sa'ad da Kabawa da Zabarmawa suka ɗaga takobi suka datse hanyar da ke tsakani.

Faransawa ma ba su haɗa gaɓoɓin nan da wuri ba. Sun dawo da hedikwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, alhali yankin Sayi, wanda gaɓar dama ke ciki, yana ƙarƙashin mulkin Volta ta Sama, wato Burkina Faso ta yau, sai a 1927 aka mayar da shi Nijar. Duk da haka, fiye da shekara arba'in bayan nan jirgin fito da kwalekwale ne kaɗai hanya, don haka gaɓar ta ci gaba da zama makiyaya da gonakin gero da fadamun shinkafa, tana aika wa birni nono da itace.

Gadar Kennedy, wadda Amurka ta tallafa aka gina kuma aka buɗe a 1970, tsawonta kimanin mita 710, ita ta mayar da Harobanda unguwar birni. Gwamnati ta ga fili mai yalwa ta kafa cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, wadda ta zama jami'a, daga baya aka sa mata sunan Abdou Moumouni, sannan cibiyar Agrhymet mai nazarin ruwa da yanayin noma a Sahel ta biyo baya a 1974, lokacin da fari ya gama cinye garken yankin. Tun daga nan gadar take ɗaukar ɗalibai da motocin haya da manyan motocin hanyar Torodi, tare da raƙuma ɗauke da itace da tabarmi, kowa na jiran kowa a kan hanya mai layi biyu. A kanta ne kuma, ranar 9 ga Fabrairun 1990, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗaliban da suka fito daga jami'a suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma, lamarin da ya girgiza mulkin shugaban ƙasa Ali Saibou ya kuma share fagen babban taron ƙasa na 1991.

Abin da masu tsara birni suka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne halin kogin kansa. Isa yana cika sau biyu a Yamai: akwai cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gini, wadda ke isowa a hankali cikin sanyin hunturu, akwai kuma jar cika ta damina, wadda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa da gaggawa, ruwanta ja saboda ƙasar da ya kwaso. Waɗannan rafuka duk daga ɓangaren Gurma suke zubowa, kuma sare itatuwa da zaizayar ƙasa sun sa ruwan da ke gangarowa ya ƙaru, yashi kuma ya cike cikin kogin. Gaɓar hagu galibinta tudu ce, Harobanda kuwa kwari ce, kuma masu ƙaramin ƙarfi da tsadar fili ta koro daga tsakiyar birni sun gina gidajen laka a inda Fulanin da ke gabansu suka bar wa shinkafa da shanu, don sun san wurin na ruwa ne.

Ambaliyar 2010 da ta 2012 sun rushe gidaje masu yawa a unguwannin Lamorde da Karaje da Kirkisoye, aka ɗaga ganuwar kare ruwa, sai ga shi a Satumbar 2020 kogin ya kai kimanin mita 7, ya fasa ganuwar Lamorde, ya tashi dubban mutane. Ban da gadar Kennedy an ƙara gadoji biyu, ta ƙawancen Sin da Nijar a 2011 da ta Seyni Kountché a 2021, kuma kowace gada tana ƙara wa filayen gaɓar daraja, tana jawo sababbin magina zuwa cikin fadamar.