Kwanson ƙafar roba: abin da ke sa a yi amfani da ita ko a jingine ta

Kwanso shi ne ɓangaren ƙafar roba da ake zura dungun ƙafar da aka yanke a ciki. Nauyin jiki duka ta nan yake sauka, alhali fatar dungu ba ta da kaurin tafin ƙafa. Aikin maƙerin ƙafa shi ne ya ɗora nauyin a wuraren da ke jurewa, kamar jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya kuma sassauta wa tsinin ƙashin ƙwauri da ƙarshen dungu. Wannan tsari na ƙafar ƙasan gwiwa ya samo asali ne daga Jami'ar Kalifoniya a Amurka, a ƙarshen shekarun 1950.

Hanyar riƙe ƙafar ma tana sauya matsin. Maɗauri a saman gwiwa yana da araha da sauƙin gyara, sai dai dungu yakan yi ta zamewa a ciki yana gogar fata. Safar siliko mai ƙusa a ƙasa tana riƙo da kyau, amma tana jan naman ƙarshen dungu duk sa'ad da aka ɗaga ƙafa, ga tara gumi a lokacin bazara. Mai zuƙe iska tana rarraba matsi daidai, sai dai tsada da wuyar kulawa.

Dungu yana motsewa a watannin farko bayan yankewa, don haka kwanson da ya dace yau zai yi yawa nan gaba. Jan tabon da ya ƙi gushewa bayan an cire ƙafar alama ce ta matsi, kuma ga mai ciwon suga yana iya zama gyambo.

A nan nisa ke shigowa. Manomin Faru a ƙaramar hukumar Maradun, ko na Bakura da Talata Mafara, wanda harbin 'yan bindiga, haɗarin babur ko ɗorin gida da ya ɓaci ya raba shi da ƙafa, galibi sai ya dangana da wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma zuwa ɗaya ba ya wadatarwa.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadar musu haƙƙin kula da lafiya. Don haka idan ɗan siyasa ya raba ƙafafun roba a taro, a tambaye shi: wa ya auna kowane dungu, kuma ina za a kai gyara bayan wata shida?