Tarihin Basukur: Yadda Dokin Ƙarfe Ya Iso Ƙasar Gwandu

Babu ɗan makarantar da bai san keke ba, wanda dattawanmu su ke kira basukur ko dokin ƙarfe. Amma kaɗan ne su ka taɓa tambayar yadda a ka yi abin da a ka ƙera a tsakiyar Ingila ya zo ya jingina a gindin bedi a kasuwar Masama. To, labarin da za mu ba ku ke nan, domin akwai darasi a cikinsa.

Keke irin wanda mu ka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry cikin 1885. A 1888 kuma John Boyd Dunlop ya yi tayar da a ke hura wa iska. A daidai wannan zamani akwai wata 'yar maƙera a wani titi mai suna Raleigh a birnin Nottingham, wadda ba ta yin fiye da keke uku a mako. Sai wani attajiri Frank Bowden, wanda likita ya ba shi shawarar hawan keke saboda rashin lafiya, ya sayi ɗaya a wurinsu cikin 1887. Da ya ji daɗinsa sai ya zuba dukiyarsa a maƙerar, ya mai da ita kamfani, a ka sa masa sunan titin nan. Tambarinsa kan zalɓe ne.

Ku lura, keke ba abu guda ba ne. Akwai bututun ƙarfe na gangar jiki, da sarƙa, da feda, da birki, da sirdi na fata, da taya da tif na roba. Kowanne da mai yinsa. In ɗaya ya makara, sauran duka sun zama tarin ƙarfe. Saboda haka dabarar Raleigh ita ce ya tattara masu yin sassan nan a hannunsa, kada ya zauna jiran kowa. Tun farkon ƙarni na 20 ya mallaki Sturmey-Archer, masu yin giya uku a cibiyar ƙafar baya. Sa'an nan ya bi abokan gasarsa yana saye: Humber a 1932, Rudge-Whitworth a 1943, Triumph a 1954, da sashen keke na BSA a 1957. A 1960 ya haɗe da Tube Investments, masu yin bututun ƙarfe, waɗanda su ke da Hercules da Phillips. Watau mutumin da ya tsaya a kanti yana zaɓe tsakanin Raleigh da Hercules bayan wannan shekara, kuɗinsa aljihu ɗaya za su.

Ƙera keke rabin aiki ne, sauran rabin kai shi ga mai saye. A wancan zamani a kan ɗaure sassan cikin akwatunan katako, domin keke a harhaɗe cin wuri gare shi. Jiragen ruwa na Elder Dempster su ɗauko daga Liverpool su sauke a Ikko. Daga nan sai jirgin ƙasa. Hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau kuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A nan ya tsaya, bai kai Sakkwato ba, balle Birnin Kebbi. Don haka kayan da za su ƙasar Gwandu sai a ɗora su a lori, su bi ta Sakkwato ko Jega, sa'an nan 'yan kasuwa su rarraba su zuwa Kalgo da Gwandu da Masama. Kowane zango da ladansa, shi ya sa mutumin ƙauye ya kan biya fiye da na Kano.

Kamfanin Raleigh bai buɗe kanti a kowane gari ba. Ya dogara ne ga manyan kamfanonin ciniki, kamar John Holt da UAC, wanda a ka kafa a 1929. Su ne kuwa masu sayen gyaɗa da auduga da fatu. Taragun da ya hau Arewa da keke shi ya ke sauka da gyaɗa, kuɗin da manomi ya karɓa da kaka kuma su ya ke mayarwa kanti. In damina ta yi kyau keke ya yi kasuwa, in fari ya zo ya kwana a kanti. Malaman En'e da masinjoji da 'yan kasuwa su ne su ka fara hawa, daga baya manoma su ka bi.

Akwai kuma mutum ɗaya wanda ba a rubuta sunansa a littafin kamfani ba, amma shi ne ƙarshen igiyar: mai gyaran keke na bakin kasuwa. Dattawa sun fi son Raleigh domin ƙarfensa na da ƙwari, kuma in wani abu ya lalace a kan sami madadinsa a wurin mai faci. Keken da ba a samun kayan gyaransa, kome kyansa, ranar da sarƙarsa ta tsinke ya zama abin rataye tufafi.

Igiyar nan ta taɓa tsinkewa. A Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatar Nottingham ta koma yin kayan yaƙi. A 1942 kuma Japan ta kama Malaya, inda roba mai yawa ta ke fitowa a lokacin. Taya ta yi wuya, har Turawa su ka matsa wa mutanen Nijeriya su tatso roba a daji. Dubi yadda yaƙi a wata nahiya ya hana mutumin Kalgo hawan kekensa.

Bayan yaƙi a ka fara harhaɗa keke a Zariya, daga baya Raleigh ya kafa ma'aikata a Kano. Dunlop ya buɗe ma'aikatar taya a Ikeja, Michelin a Fatakwal. Jama'a su ka yi murna, a na cewa keke ya zama ɗan gida. Amma ƙarfen da yawancin sassa masu wuyar yi daga waje su ke zuwa, da kuɗin waje a ke sayensu. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda a ka fara ginawa a 1979, ba ta kai ga ba da ƙarfen ba. Da farashin man fetur ya faɗi bayan 1980, kuɗin waje su ka yi ƙaranci. A 1986 a ka karya darajar naira, kayan waje su ka yi tsada. Kekunan Sin da Indiya masu araha, kamar Phoenix da Hero, su ka cika kasuwa, mai hali kuma ya koma babur. Michelin ya daina yin taya a Nijeriya a 2007, Dunlop a 2008. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ita ma uwar ma'aikata ba ta tsira ba. A 2000 Sturmey-Archer ya koma hannun wani kamfanin Taiwan. A 2002 a ka daina harhaɗa keke a Nottingham, a ka koma sayo shi daga Asiya a na manna masa kan zalɓe. A 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya saye Raleigh. Dabarar riƙe kome a gida ɗaya, wadda ta ɗaukaka shi, ta zama masa nauyi sa'ad da wasu su ka iya yin kowane sashe da araha.

To, 'yan makaranta, harhaɗa abu daban, ƙera shi daban. Ƙasar da ta tsaya ga ɗaure kusoshi, ranar da jirgi bai zo ba ma'aikatanta sun zauna. Ba dole ne mu yi kowane sashe da kanmu ba, tun da Raleigh ma ya gaza riƙe su duka. Amma wajibi ne mu san inda kowanne ya ke fitowa, da wanda za mu iya yi mu fi kowa. Muna da fata, Kudu na da roba, maƙera kuwa tun kakanni mu ke da su. In kun ga keke gobe, ku tsaya ku ƙirga sassansa, ku tambayi mai gyara daga ina kowanne ya zo. Wanda ya fara wannan lissafi tun yana aji, shi mu ke fata wata rana ya ƙera mana namu. Allah ya sa mu ga ranar.