Yadda Indiyawan Yuganda suka zama baƙi a ƙasar haihuwarsu

Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen magajin garin New York a 2025 wata jaridar Amurka ta tono takardar neman shiga jami'a da Zohran Mamdani ya cike yana saurayi, inda ya nuna cewa shi ɗan Asiya ne, kuma ɗan Afirka. Abokan hamayya suka yi ca, wai ya ari rigar baƙar fata don ya samu gurbi. Shi kuwa a Kampala aka haife shi a 1991, kuma mahaifinsa, Farfesa Mahmood Mamdani, yana cikin Indiyawan da shugaban Yuganda Idi Amin ya kora a 1972. Ya ci zaɓen a watan Nuwamba, amma tambayar da aka jefa masa ta girme shi nesa ba kusa ba: Ba'indiyen da aka haifa a Afirka ɗan ina ne?

Tun ɗaruruwan shekaru fataken Gujarat suke bin iskar damina da jiragen ruwa zuwa Zanzibar da Mombasa, su saye su sayar su koma. Shigarsu cikin ƙasa sosai sai da Turawan Ingila suka zo. Daga 1896 zuwa 1901 aka shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa bakin tafkin Victoria, da leburori kusan 32,000 da aka kwaso daga Indiya. Kimanin 2,500 suka mutu a wurin aiki, akasarin sauran suka koma gida, waɗanda suka zauna ba su kai 7,000 ba. Saboda haka maganar da ake yawan yi cewa Indiyawan Yuganda jikokin leburorin dogo ne ba ta cika ba. Mafi yawansu 'yan kasuwa ne da akawu da teloli da suka zo da kansu, irin su Allidina Visram da ya baza kantuna tun daga gaɓar teku har cikin Yuganda. Daga baya Nanji Kalidas Mehta ya kafa kamfanin sukari a Lugazi a 1924, gidan Madhvani kuma suka kafa nasu a Kakira.

Idan aka zo dalilin korar, bayani biyu aka fi ji. Na farko shi ne haukar Amin: ai shi da bakinsa ya ce a mafarki Allah ya umarce shi. Na biyu shi ne girman kan Indiyawan: ba sa cuɗanya, suna wulakanta barorinsu, ba sa ba baƙar fata auren 'ya'yansu. Amin ya faɗa musu wannan ƙorafi na aure ido da ido a taron da ya kira shugabanninsu a Disamban 1971. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, musamman na biyun, wanda wasu daga cikin korarrun ma ba su musanta ba. Amma a ganina ba su ne tushe ba.

Tushen yana wurin auduga. Turawa sun jera mutanen ƙasar hawa uku: Bature a sama da mulki da banki, Ba'indiye a tsakiya da kanti da injin gurza, baƙar fata a ƙasa da fartanya. Makaranta daban, asibiti daban, unguwa daban. An toshe wa Ba'indiye hanyar mallakar gona a mafi yawan ƙasar, an toshe wa manomi hanyar samun lasisin gurzar audugarsa. Manomin yankin Buganda bai taɓa ganin wanda ke yanke farashi a Landan ba. Wanda yake gani kullum shi ne mai sikeli da mai kantin da ke binsa bashi. Shi ya sa a tarzomar 1949 ɗaya daga cikin manyan buƙatun mutanen Buganda ita ce a bar su su gurza audugarsu da kansu, a 1959 kuma suka ƙaurace wa kantunan da ba na 'yan Afirka ba. Duk wannan ya faru Amin yana ƙaramin soja. An bar jaki ana dukan taiki tun kafin a san sunansa.

'Yancin kai na 1962 ya ƙara wani ƙulli, na fasfo. Wasu suka karɓi zama 'yan Yuganda, wasu da yawa suka riƙe fasfon Birtaniya saboda tsoron gobe, wasu dubbai kuma takardunsu suka kwanta a ofis shekara da shekaru. A 1968 Birtaniya ta yi dokar da ta rufe ƙofa ga masu fasfonta 'yan Asiya na Gabashin Afirka, sai ƙalilan a shekara. A 1969 gwamnatin Milton Obote ta ƙuntata lasisin kasuwanci ga wanda ba ɗan ƙasa ba, a 1970 ta kori dubban ma'aikata 'yan Kenya. Amin da ya ƙwace mulki a Janairun 1971 ya tarar da hanya a share, ga kuma sojojin da yake buƙatar ya cika wa aljihu.

Ranar 4 ga Agustan 1972, a barikin Tororo, ya sanar da cewa babu wurin zaman Indiyawa masu fasfon Birtaniya a Yuganda. Aka ba su kwana 90. Ya faɗaɗa umarnin har kan 'yan ƙasa, ya janye, amma tantance takardu da aka yi ta mayar da dubbai marasa ƙasa. Kafin wa'adin ya cika a farkon Nuwamba kusan kowa ya fita, da akwati da 'yan fam kaɗan, sojoji na ƙwace zinare a shingayen hanyar Entebbe. Birtaniya ta karɓi kusan 28,000, Kanada kimanin 6,000 bayan Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya, ya yi magana da firaministan ƙasar, Pierre Trudeau. Kantuna da gidaje aka raba wa hafsoshi da 'yan fada, ba manomin auduga ba. Cikin 'yan shekaru sukari da sabulu suka zama kayan bayan fage. Wannan kaɗai ya isa ya nuna don wa aka yi korar.

A Birtaniya ma ba a yi musu maraba ba. Hukumar birnin Leicester ta sayi fili a jaridar Uganda Argus tana roƙonsu kada su zo. Suka zo, suka kwana a tsofaffin barikokin soja, suka kama ƙananan kantuna. Yau 'yan siyasar Ingila da su suke buga misalin baƙo na gari, har Priti Patel, wadda iyayenta daga Yuganda suka fito, ta riƙe ma'aikatar cikin gida ta kuma tsananta wa masu neman mafaka. Halin da aka kira tsotsar jini a Kampala shi aka kira himma a Leicester.

Mu ma mun san ɗacin wannan: Ghana ta kori baƙi a 1969, har da Hausawan zango, Najeriya ta yi irin nata a 1983.

A Yuganda kuwa, wata doka ta 1982 ta ba da damar mayar wa Indiyawan kadarorinsu, Shugaba Museveni ya kira su su dawo bayan 1986, gidajen Madhvani da Mehta suna yin sukari kamar da. Sai dai ƙullin yana nan. Kenya ta amince da 'yan Asiya a matsayin ƙabilarta ta 44 a 2017, amma tsarin mulkin Yuganda na 1995 ya ɗaure zama ɗan ƙasa ta haihuwa da jerin ƙabilun da ya ɗauka 'yan asali tun 1926, kuma babu Indiyawa a ciki. Muddin ma'aunin ɗan ƙasa shi ne inda kakansa ya fito, duk shugaban da baitulmalinsa ya bushe zai samu wanda zai nuna wa yatsa.