Babbar Kasuwar Duniya ta Birnin Burussel, 1958

Mu mutanen Figil mun san kasuwa. Ranar da take ci, mai gyada da mai shanu duk sukan hallara. To, al'ummai ma suna da tasu kasuwa, sai dai ba ciniki ke kai su ba, kowace ƙasa takan je ne domin ta nuna gwanintarta.

Wadda za mu ba ku labarinta ta ci a Burussel, babban birnin Beljiyam. Sarki Baudouin ya buɗe ta ran 17 ga Afrilu 1958, aka tashi ran 19 ga Oktoba. Ita ce babba ta fari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutum fiye da miliyan 41 kuwa suka shiga kallo. Aka gina wani abu mai suna Atomium, ƙwallaye tara na ƙarfe haɗe da juna, tsayinsa mita 102. Rasha ta kawo siffar Sputnik, tauraron da ta harba sama a 1957, ga rumfar Amurka kuma dab da tata, kamar kishiyoyi a gida ɗaya.

Amma akwai abin kunya a ciki, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. A lokacin nan Kwango tana hannun Beljiyam. Aka kawo mutanenta kusan 600, aka gina wa waɗansunsu bukkoki a bayan shingen gora, suna sassaƙa da saƙa, jama'a na kallonsu. Waɗansu 'yan kallo har suna jefa musu ayaba da kuɗi, sai ka ce ba 'yan Adam ba. Mutanen suka haƙura har watan Yuli, sa'an nan suka ƙi, suka bar bukkokin ba kowa. A ganinmu sun yi daidai.

Abin da masu mulki ba su zata ba shi ne, 'yan Kwango na larduna dabam dabam, waɗanda ba su taɓa gamuwa a gida ba, a can suka san juna, suka yi shawara. A Janairu 1959 tarzoma ta tashi a Leopoldville, ran 30 ga Yuni 1960 Kwango ta sami mulkin kai.

Mu ma a nan zamani yana juyawa. Wata biyu kafin a buɗe kasuwar, Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya zama Firayim Minista. Kamaru kuwa ta riga Kwango da wata shida, gama ta karɓi nata mulki ran 1 ga Janairu 1960.