Sandar Tasha da Ladabin Jiran Amsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna ta Arewa, ya dubi dogon nan guda ɗaya tilo da ya miƙe ya nufi Rigachikun da Zariya, in dai mai lura ne, ba zai rasa tambayar kansa ba: ta yaya jiragen da ke hawa da waɗanda ke gangarowa suka yi shekara da shekaru suna bin hanya ɗaya, dare da rana, damina da rani, alhali shugaban wannan tasha ba ya ganin takwaransa na tasha ta gaba, direba kuma ba ya ganin abin da ke bayan kwana? A cikin amsar wannan tambaya akwai wani ilmi wanda ma'aikatan reluwe da akawunan gidan waya suka riƙe da hannu da kunne, wanda kuma yau samarinmu masu gina manhajar kwamfuta suke koyo daga littattafai, galibinsu ba tare da sanin cewa an daɗe ana aiki da shi a garinsu ba. Ilmin kuwa shi ne na ma'amala da wanda ba ka gani, wanda amsarsa ke iya jinkiri, ko ta ɓata a hanya, ko ta zo sau biyu.

Asalin al'amarin yana komawa ga zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya zo Arewa a 1907 aka ɗora masa shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Jirgi ya isa Kano a 1911, aka haɗe wannan layi da na Ikko ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912, kuma inda dogon ya ƙetare kogin Kaduna nan ne Gwamna Lugga ya zaɓa don ya taso da helkwatar Arewa daga Zungeru, abin da ya tabbata a 1917. Kafin shekarun 1920 su ƙare, layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Makurɗi da Kafanchan ya zo ya haɗu da na yamma a kudancin kogi, sai garin ya rabu bisa aikinsa: mahaɗar jiragen tana kudu, ofisoshin mulki da gidajen manyan ma'aikata suna arewa. Duk wannan dogo, mai faɗin ƙafa uku da inci shida, layi ɗaya ne in ban da a tashoshi, inda ake ninka shi don jirage su kauce wa juna. Duk inda ya bi kuma turakun waya suna biye da shi, domin dogo in babu waya makaho ne. Tun a wancan zamani Bahaushe ya ce gidan waya, ya ce buga waya, yana nufin aika tangaraho, sa'an nan daga baya kalmar ta koma kan tarho, har ta iso ga wayar da ke aljihunmu.

Ƙa'idojin da aka zo da su daga Ingila da jini aka saye su. A watan Satumba na 1874, a wani wuri da ake kira Thorpe kusa da birnin Norwich, an saki jirage biyu cikin dare a kan layi ɗaya, kowanne ya nufo ɗan'uwansa, saboda rashin fahimta tsakanin jami'in tasha da akawun waya game da jirgin da aka yi wa izini, mutum 25 suka rasa rayukansu. Abin da masana suka fahimta daga wannan musiba shi ne, waya tana isar da magana amma ba ta hana kuskure, kuma muddin izini magana ce kawai, ana iya ba da shi sau biyu. Saboda haka a 1878 Edward Tyer ya ƙago na'urar da ta mai da izini wani abu na ƙarfe da ake riƙewa a hannu, bayansa kuma Webb da Thompson suka fito da irin tasu mai sanda, wadda ta bazu a ƙasashen da Ingila ta shimfiɗa wa dogo.

Ga yadda aikin yake. A kowane yanki na dogo tsakanin tasha da tasha akwai na'ura biyu, ɗaya a kowane gefe, waya ta haɗa su, a cikinsu akwai sanduna masu ɗauke da sunayen tashoshin biyu. Idan jirgi ya shirya tashi, shugaban tasha ya buga ƙararrawa sau ɗaya don jan hankalin takwaransa, ya dakata har a maimaita masa. Sa'an nan ya buga tambaya, ko hanya a buɗe take ga jirgi iri kaza, ya sake dakatawa. In wancan ya yarda, sai ya maimaita bugun, ya danne mabuɗinsa, a daidai wannan lokaci ne kaɗai na'urar wannan gefe za ta saki sanda ɗaya, da fitarta kuwa na'urorin biyu sun kulle, babu mai iya zare wata har sai an mai da wadda ta fita. A miƙa wa direba sanda, ya karanta sunayen da ke jikinta da idonsa, ya ja jirgi, a buga sau biyu cewa jirgi ya shiga. A can gefen, ko da kan jirgi ya iso an karɓi sanda, ba a cewa hanya ta buɗe sai an ga jar fitilar da ke rataye a bayan taragon ƙarshe, domin ita ce shaidar cewa babu taragon da ya tsinke ya tsaya a daji. Kowane bugu kuma, da wanda aka aika da wanda aka karɓa, ana rubuta shi da sa'arsa da mintinsa a littafin rajista.

Mai nazari zai ga cewa wannan yanki na dogo ba shi da hali sai ƙididdigaggu: ko yana rufe ba kowa, ko an nemi izini ana jira, ko an ba da izini, ko jirgi yana ciki, ko ya fita. Ba a tsallake hali, ba a fita daga wani zuwa wani sai da sababi sananne, kuma duk bugun da ya zo ba a muhallinsa ba, ba a aiki da shi. Malamanmu na fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin sun daɗe da tabbatar da cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai da ijabi da ƙabuli, kuma yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Idan yaƙinin shugaban tasha shi ne jirgi ya shiga, to jirgi yana ciki har sai hujja ta zo, ko da sa'a uku ta wuce, ko da fasinjoji sun cika dandamali suna gunaguni, ko da zuciyarsa tana raya masa cewa ai lalle ya isa. Shiru ba amsa ba ne a wannan sana'a. In kuwa waya ta yanke ɗungum, ƙa'ida ta tanadi mafita: a naɗa mutum ɗaya tak ya zama shi ne sandar, babu jirgin da zai shiga yankin sai da izininsa baki da baki, har a gyara.

Wannan tsari na ƙididdigaggun halaye shi ne masana lissafi suka zo suka ba siffa ta ilmi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, musamman Mealy a 1955 da Moore a 1956 a Amurka, suka nuna cewa ana iya bayyana na'ura da jadawali kawai: ga halin da take ciki, ga abin da ya auku, ga halin da za ta koma, ga abin da za ta aikata. A farkon shekarun 1960 kuma, da Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya nemi hanyar da zai hana ayyuka biyu a cikin kwamfuta su taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, sunan siginar reluwe ya ara ya sa wa dabararsa, har yau kuma da shi ake kiranta. Makullin da magina manhaja ke sa wa bayanai, wanda aiki ɗaya kaɗai ke riƙewa sauran su jira, sandar tasha ce ba ragi ba ƙari. Ƙa'idar TCP, wadda aka wallafa a 1981, wadda kuma mafi yawan zirga-zirgar intanet ke tafiya a kanta, ta ƙayyade wa kowace haɗuwa hali 11. Kafin a aika komai sai an yi musafaha sau uku, wannan ya nema, wancan ya amsa, na farko ya tabbatar. Kowane saƙo da lambarsa, kowanne sai an shaida isowarsa, a ƙarshe kuma akwai halin dakatawa na ɗan lokaci bayan sallama, don kada wani saƙo da ya makara ya faɗo cikin hira ta gaba, tamkar mai jiran ganin jar fitila.

Akwai fuska ta biyu ga wannan ilmi, ita kuma a gidan waya aka fi ganinta. Akawun tangaraho ba ya aika saƙo Kano ya naɗe hannu har amsa ta dawo, domin kafin nan Ikko tana kira, Jos tana kira, masinja yana tsaye da keke yana jiran abin da zai kai ofishin Razdan. Abin da yake yi shi ne ya aika, ya rubuta lamba da lokaci, ya juya ga na gaba, duk layin da ya yi motsi ya saurare shi, ya duba littafi ya ga inda aka tsaya da shi, ya ci gaba daga nan. Mutum ɗaya ne, amma yana riƙe da zance goma, ba don yana da kunne goma ba, sai don bai yarda jira ya ɗaure shi ba. Haka wasu manhajojin uwar garke suke aiki a yau: zagaye ɗaya ne na sauraro, yana kewaya dubban haɗuwa, yana kula da wadda ta motsa kaɗai. A kan wannan usulubi aka gina Nginx da ya fito a 2004, da Node.js na 2009, kuma tun 1986 kamfanin Ericsson ya fara harshen Erlang don injinan musayar tarho, harshen da daga baya WhatsApp ya dogara da shi. Da farko maginin manhaja yakan bar sallahu ne, ya ce in amsa ta zo a kira aiki kaza. Da sallahu ya yi yawa, wani cikin wani, har mai karatu ya rasa bakin zaren, sai aka koma ga alkawari, wato a ba ka shaidar cewa amsa tana tafe. Daga bisani harsuna irin su Python a 2015 da JavaScript a 2017 suka ba da damar a rubuta aiki a jere kamar labari, a sa alama a duk inda za a dakata, na'ura ta ajiye halin da ake ciki ta tafi wani aikin. Siffa ta canja sau uku, amma littafin akawu yana nan a ƙarƙashi.

Kada a ɗauka wannan zance ne na masana kaɗai, domin talaka ne ke ɗanɗana sakacinsa. Na taɓa tsayawa gaban wani mai na'urar cire kuɗi a bakin kasuwa, tare da wata dattijuwa da ta zo karɓar abin da ɗanta ya aiko mata. Mai na'urar ya sa kati, na'ura ta yi ta juyi, can ta ce ba a yi nasara ba, amma saƙo ya shigo wayarta cewa kuɗi sun fita. Ya ce mata, “Mama, ki yi haƙuri, za su dawo,” ta ce, “Yaushe, ɗana?” ya rasa abin faɗi. Abin da ya auku shi ne jirgi ya shiga yanki, ba a buga isowarsa ba, sai gefe ɗaya ya rubuta ya isa, ɗayan ya rubuta bai taso ba. Maganinsa kuma sananne ne ga duk wanda ya kyautata sana'ar: a yanka wa kowane jira wa'adi, in ya cika a san halin da za a koma, in za a sake aikawa a ƙara tazara tsakanin ƙoƙari da ƙoƙari don kada a danne layi, a ba kowace buƙata lamba tata ta kanta, yadda ko ta iso sau uku sau ɗaya za a biya, kuma a rubuta kowane mataki kafin a ɗauke shi, domin in wuta ta ɗauke a san inda aka kwana.

Zamani ya juya. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, aka raba aikin tarho da na wasiƙu a tsakiyar shekarun 1980, wayar hannu ta bazu tun daga 2001 ta rufe babin tangaraho, sabon jirgin Abuja kuma tun 2016 a Rigasa yake tsayawa, a kan dogo mai faɗi da sigina irin ta zamani. Tsofaffin da suka riƙe sanda suka buga ƙararrawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa sauran lafiya. Roƙona ga hukuma shi ne duk abin da ya saura na waɗannan na'urori da littattafan rajista a tattara shi a adana, kamar yadda ake adana takardun mulki a gidan ajiyar tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna. Roƙona kuma ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da sauran masu koyon wannan fanni shi ne su nemi ɗaya daga cikin dattawan nan tun yana da rai, su durƙusa su gaishe shi, su ce, “Baba, in ka buga ba a amsa ba, me kake yi?” Sa'an nan kafin su rubuta layi ɗaya na manhaja, su ɗauki takarda su jera halayen aikinsu duka, su rubuta a gaban kowanne abin da za a yi in amsa ta zo, da abin da za a yi in ba ta zo ba, domin a ƙarshen wayar akwai wata dattijuwa a tsaye tana jiran kuɗin cefanenta.